Na Je Ɗibar Wuta Gidan Nna Fati

Ummi jikata ce ta tono mini wannan zance, ba da niyya ba. Ran nan bayan magariba an ɗauke lantarki, ta baje tabarma a tsakar gida tana haska littafinta da fitilar waya, tana bitar jarrabawa da ƙarfi kamar mai tallan gyaɗa. Ni kuwa ina gefe ina jan carbi, kunnena na wajenta.

Na ce, "Ke, wane irin magani kike ta kira haka? Iginait, iginait, kamar sunan allura."

Ta yi dariya har wayar ta suɓuce mata. "Hajiya, ba allura ba ce. Kalmomin kunna wuta ne da Turanci. Akwai iginait, akwai kindil, akwai sifak. Malamarmu ta ce da su ake kunna itace, da su kuma ake kunna zuciyar mutum, ko da so ko da fushi."

"To sai me? Su kaɗai Allah ya ba baki? Mu ma muna kunnawa, mu hura, mu iza, mu cinna, mu zuga. Ban taɓa zama a aji ko na wuni guda ba, amma ki kawo mini Baturen da ya fi ni sanin wuta in gan shi."

Ta ci gaba da karatunta tana murmushi, sai na ji ta yi tsit. Na ce mene ne? Ta ce babu komai. Na ce ƙarya kike, faɗi. Ta rage murya ta ce, "Insait. Ita ce kalmar da ɗan sandan nan ya yi ta maimaita wa Yaya Mustapha. Wai tunzura mutane."

Idona ya tafi kan katangar da ta raba mu da gidan Nna Fati, aminiyata ta fiye da shekara hamsin, wadda tun daminar bara ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Kuma na san tana kwance, jikin ya ƙi. Ina jin tarinta ta saman katangar nan, in ƙara sautin rediyo don kada in ji. A shekarunmu, ni da ita, ba a san wadda za a fara ɗauka ba.

Daren nan Iya na yi ta tunawa.

Iya kakata ce, uwar babana. Da jirgin ƙasa suka zo Minna daga Kano, ita da kakanmu, lokacin da aikin layin dogo ke ɗiban mutane. Shi ban riske shi ba. Babana ya gaji aikin, shi ke zuba wa injin jirgi kwal, ya dawo gida baƙi ƙirin sai haƙora. Gidanmu na kusa da tasha, kuma Iya tuwo take sayar wa leburori, don haka murhunta ya fi na kowa girma a layinmu. Kwal kuwa ba ya shiga murhunta, ko an kawo mata kyauta. Ta ce warinsa na kama miya. Itacen kirya take saye wajen matan Gwari da ke saukowa daga duwatsu da kaya a kafaɗa, ta tsaya tana ƙwanƙwasa kowane gungume tana sauraro kamar mai sayen tukunya.

Wutar Iya ba ta mutuwa. In an gama tuwon dare sai ta tura gungume guda ciki, ta tattaro garwashi jikinsa, ta rufe da toka, ta danna da bayan ludayi. Da asuba ta tone da kara, sai ka ga ja yana leƙowa kamar idon mage. Daga nan sallama ke farawa. Matan layi, kowace da kaskonta ko fasasshiyar tukunya, an zuba toka a ƙasa don kada hannu ya ƙone, ana zuwa ɗibar wuta. Ashana akwai ta a kanti, amma da damina sanyi ke kama ta, kuma ni yanzu na gane ba don rashin ashana suke zuwa ba. A bakin murhun nan ake jin wa ta haihu, wa ke zazzaɓi, mijin wa aka mayar Kaduna.

Iya na da dokoki a kan wuta, kuma duk layin ya san su. Ba a hana ta, ko da wadda ta zo jiya kuka yi zage-zage. Ba a kai wa mutum ita sai ya roƙa. Sannan ba a miƙa wa mai ɗibar wuta kwalin ashana. Wata amarya ta taɓa yin haka don kirki, Iya ta kira ta ta ce, "'Yar nan, kin san abin da kika gaya mata? Cewa kika yi ga naki nan, kada ki sake tako mini gida."

Tatsuniya kuwa tsakanin tuwo da rufe wuta ake yin ta. Mu jikoki mu kewaye murhu, kowa ya cusa guntun doyarsa cikin toka mai zafi yana gadi, don yayata Lami ɓarauniyar doya ce ta gaske. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta karkata kai kamar ta ji motsi, ta ce, "Ga wata can ta iso ƙofa. A buɗe mata ko ta kwana a waje?" Mu haɗa baki, "A buɗe mata, Iya!" Ta ce, "To ku matsa mata, da jiƙaƙƙen zane ta zo."

Wadda ta fi zama mini ita ce ta mai daddawa da mai faifai.

Wai mata biyu ne a bakin daji, gidajensu na jingine da juna, babu wani gida kusa sai rugar Fulani can bayan dutse. Ɗaya daddawa take yi, kullum tukunyar kalwa na bisa wuta. Ɗayar faifai take saƙawa. Zamansu lafiya lau, har ranar da akuyar mai daddawa ta cinye shanyar kuɓewar mai faifai. Abin da za a gama da ba-haƙuri ne. Amma akwai Iska. Iya ta ce Iska ba ta da gida, ba ta da murhu, babu abin da ke faranta mata rai irin ta ga wuta ta miƙe tsaye. Sai ta riƙa bi ta ramin zana, ta ɗauki maganar wannan ta kai wa waccan. Ba ta ƙara ko kalma, nan ne muguntarta. Mai zafin take ɗauka, ta bar mai sanyin a ƙasa. Kafin wata ya mutu matan nan sun daina ɗibar wuta gidan juna.

Damina ta sauka, ɗakin mai faifai ya yi yoyo daidai kan murhu, wutarta ta mutu. Girman kai ya hana ta roƙo. 'Ya'yanta suka koma shan jiƙaƙƙen gari, wuyansu ya yi tsawo. Mai daddawa kullum ta duba rufin maƙwabciyarta, babu hayaƙi. Ta ɗebo garwashi ta kai har bakin zana, ta tsaya, ta dawo da shi. Nan Iya kan nuna mu da kara ta ce, "Don me ta dawo?" Ta ce, "Don in ta kai mata, ta gaya mata ke nan na ga yunwarki. Mai faifai gara ta mutu da ta karɓa."

Sai mai daddawa ta ɗauki tulu ta juye shi kan murhunta, kalwa na tsakiyar dahuwa. Ta ɗauki kasko babu komai sai toka, ta yi sallama. Ta ce, "Wutata ta mutu, ki sam mini." Mai faifai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni tawa ta daɗe da mutuwa." Mai daddawa ta ce, "Ashe mu biyu ne. To ɗauko mayafinki."

Suka tafi ruga suka samo garwashi. A hanyar dawowa Iska ta tare su, ranta a ɓace. Mutum ɗaya ba zai iya ba, don kaskon sai da hannu biyu, wa zai kare? Sai mai daddawa ta riƙe, mai faifai ta buɗe mayafinta tana tafiya da baya. Iska ta zo ta dama, ta koma dama. Ta zo ta hagu, ta koma hagu. Iya kan miƙe ta yi mana tafiyar, tana tuntuɓe da gangan, mu yi ta dariya. Suka iso gida mayafi duk ya huhhuje da tartsatsi, amma wuta na da rai. Iya ta ce har gobe in kun ji iska na kuka a bakin ƙofa, neman wanda ya ɗauko wuta shi kaɗai take yi.

Lami ta ce, "Iya, ai wannan wauta ce. Kalwarta fa ta lalace."

Iya ta ce, "Ta lalace mana, tukunya guda cur. Ke wa ya gaya miki a banza ake shiryawa? Ajiye doyar Asabe, ina ganinki."

Sai ta ja toka ta rufe garwashin ta ce, "Na binne ta nan. Mai so ya tono da safe." Tatsuniya ta ƙare ke nan, kowa ya nemi tabarmarsa.

Da aka kawo ni Kpakungu gidan miji, unguwar ba ta cika haka ba, ana noma dawa a inda shagunan nan suke yanzu. Ban san kowa ba, kuma ni ba mai shiga gidan mutane ba ce. Wata safiya sai ga wata doguwar mace da kasko a hannu, Banufiya daga Bida, Hausarta duk a karkace. Ta ce, "Kai amarya, wuta na ya mutu. Ba ni kadan." Na danne dariya na ɗebo mata. Jim kaɗan na ga ta manta ɗankwalinta, na bi ta da shi. Ina shiga na tarar da murhunta na ci bal-bal, ƙatuwar tukunyar shinkafa na tafasa.

Na ce, "Ba ke kika ce wutarki ta mutu ba?"

Ta ce, "To yaya zan shiga gidanka? Kana zaune kamar sarki, ba ka gaida mutane."

Nna Fati ke nan. Har yau "kai" take ce mini, na gaji da gyara mata na bari. Ita ta yanke wa Garba ɗana cibiya. Ni na goya Ndagi ɗanta lokacin da take kai shinkafa kasuwa, har fitsarinsa ya cinye mini zannuwa. Ranar da malam mijina ya rasu ita ta kwana riƙe da hannuna. Tatsuniyar Iya kuwa ta ji ta ba adadi, don a tsakar gidan nan nake tara 'ya'yana da nata in yi musu. Kullum sai ta tsoma baki daga bayan tukunya ta ce, "Wannan mai dadawa ba shi da hankali."

Kwata ce ta raba mu, abin kunyar faɗa. Ndagi ya samu buɗi ya gyara gidansu, ya zuba siminti a lungun da ke tsakaninmu, ya ɗaga shi. Ruwan farko mai ƙarfi bai sami hanya ba, ya juyo ɗakina. Katifa, akwati, kayan sallah, duk suka sha. Garba ya yi wa Ndagi magana, ya ce a yi haƙuri, zai kira magina. Ruwa na biyu ya riga magina zuwa.

Mustapha, ɗan Garba na fari, ya gama karatunsa yana zaune babu aiki, kuma Turanci a bakinsa kamar da shi aka haife shi. Ya ɗauke ni a waya ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, na tattare zane, ya haɗa da dogon rubutu ya saka a zauren waya na samarin unguwa. Ban san abin da ya rubuta ba, amma na ga abin da ya haifa. Washegari yara suka cika lungun da diga da guduma, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, suna cewa an wulaƙanta kakarsu. Ni kakar wa? Na ji ana cewa "'yan Bidan nan", maganar da tun zuwana ban taɓa ji a lungunmu ba. Ndagi ya fito yana ba da haƙuri, dutse ya same shi a ido. Har yanzu ba ya gani sosai da shi.

Aka je wajen 'yan sanda, dattawa suka shiga, aka ce an sasanta. Da muka dawo na kira Mustapha. Na ce, "Maigida, me ka rubuta?"

Ya ce, "Gaskiya na rubuta, Hajiya. Ruwa bai shiga ɗakinki ba?"

"Ya shiga."

"To ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba, kuma don ni ya yi, wannan ne ke hana ni barci. Yaron nan kuka ya yi da ya ga katifata. Sai dai a rubutun nasa babu cibiyar ubansa, babu goyon Ndagi. Mai zafin ya ɗauka.

Ni kuma na zauna ina cewa ni ce ruwa ya ci wa ɗaki. Na san ita ma tana can tana cewa ɗanta ne ya rasa ido. Haka rani ya shigo ya same mu.

Washegarin karatun Ummi, da hantsi, na hura ɗan kurfotina kamar kullum, don ni ban yarda da tukunyar gas ɗin nan ba, kuma shayin gawayi daban ne. Ya kama sosai. Na ɗauki buta na juye masa. Matar Garba ta fito da gudu ta ce, "Lafiya, Hajiya?" Na ce lafiya. Na ɗauko kaskon turarena na zuba toka, na yafa mayafi, na fita. Ƙofar da ba ta kai taku goma ba, sai da na huta a hanya.

Matar Ndagi ce ta amsa sallama, Maman Zainab. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta matsa daga bakin ƙofa ba. Na ce, "Ki gaya wa Nna, Asabe ce. Wutata ta mutu, na zo ɗiba."

Ta dubi kaskon, ta dube ni. Ta shiga. Ta daɗe. Ina jin tarin Nna daga ciki, kusa ƙwarai. Can ta fito da abu a hannu biyu, cikin ladabi, ta miƙo mini. Kwalin ashana ne, sabo, ba a taɓa buɗe shi ba.

Ban san yadda na dawo gida ba. Na zauna bakin gado da kwalin a cinyata har azahar ta wuce. Ummi ta dawo daga makaranta ta same ni haka, na gaya mata. Ta ce, "Haba Hajiya, su fa gas suke amfani da shi. Ina za su samo miki garwashi? Ƙila ma Maman Zainab ba ta tashe ta ba, aike ta yi kanti ta ƙofar baya."

Ƙila. Amma in Nna ce ta ce a ba ni fa? Ta san dokar, ni na gaya mata da bakina. Kwana na yi ina juya abin. In ita ce, ta rufe ƙofa ke nan. In ba ita ba ce, to na yi magana da yaren da babu sauran mai jinsa a unguwar nan sai mu biyu, ga shi an sa tafinta a tsakani. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Wajen asuba abin ya faɗo mini. Ai a tatsuniyar ma mai faifai ba ta da wutar bayarwa. Mai daddawa ba ta juya gida don haka ba.

Da gari ya waye na zuba gawayi baƙi a kaskon, na ɗora ɗan tsumma mai kananzir, na ɗauki kwalin na koma. Maman Zainab ce ta sake amsa sallama. Na ce, "Ki kai mata wannan. Ki ce hannuna rawa yake, ashanar ta ƙi kama mini. Ita ta ƙyasta."

Ta karɓa ta shiga. Na tsaya a zaure, na jingina da bango. Shiru. Har na fara gyara mayafi zan tafi, sai na ji ƙyas. Shiru kuma. Na sake jin ƙyas. Sai tari mai tsawo, sannan muryar nan da na sani, ta shaƙe, ta ƙanƙance.

"Asabe! Kai tsohon banza, kana tsaye a waje kamar bako? Panka yana kashe mani. Shigo ka tare iska."

Makunnin fankar na nan jikin bango, daidai kafaɗar Maman Zainab. Babu wadda ta dube shi cikinmu. Na hau bakin gadon na buɗe mayafina na kare. Hannun Nna ya zama kamar kara, zoben da na sani ya koma babban yatsa. Ta ƙyasta, tsumman ya kama. Muka zauna muna kallon gawayin yana ja a hankali, hayaƙi na sa ta tari, ta hana a fitar da shi. Ba ta ambaci idon Ndagi ba, ban ambaci ruwa ba. Da zan tafi ta ce, "Wannan mai dadawa, har yanzu ba shi da hankali."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya a kan girman kai take. Yanzu ina ganin a kan kaskon take. Iya ta san mutane za su yi faɗa, ba ta taɓa cewa kada a yi ba. Abin da ta tsare shi ne ƙaramin dalilin da zai kai ƙafarka ƙofar wanda kuka ɓata ba tare da ka ce na yi laifi ko ka yi laifi ba. Yau kowa da ashanarsa, kowa da gas ɗinsa, kowa da rijiyarsa. Babu mai buƙatar kowa da safe. Iska kuwa ta samu gida, tana cikin aljihun kowane yaro.

Garba da Ndagi har yau a masallaci ɗaya suke sallah, kowa ya fita ta ƙofarsa. Lungun na nan a farfashe, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na yi wa Mustapha tatsuniyar, ya saurara har ƙarshe don yaro ne mai ladabi, sannan ya ce, "Hajiya, yanzu wa ke ɗibar wuta?" In ni da Nna muka tafi, da me za su shiga gidan juna?

Na tambayi Ummi, cikin kalmomin nan nata na Turanci, ko akwai ta rufe wuta da toka don maƙwabci ya samu da safe. Ta duba littafin gaba da baya ta ce tabbas ba za a rasa ba, sai dai ba ta cikin waɗanda za su fito a jarrabawa.

Garwashin da na ɗauko daga ɗakin Nna na juye shi a kurfotina. Kullum da dare in ƙara gawayi, in rufe da toka, in danna da bayan ludayi. Ban bari ta mutu ba. Ban dai san wa zai zo ɗiba ba.